'Yar da Tudun Ɗorawa Ta Ba Boko

Sanƙarau ya shiga Tudun Ɗorawa a bazarar 1963, bai fita ba sai da ya kwashe mutum goma sha ɗaya. Cikinsu har da Sanda da matarsa, kwana huɗu tsakaninsu. Suka bar 'ya ɗaya, Tani, mai shekara takwas, da gona mai faɗi a bakin rafi.

Tudun Ɗorawa ƙauyen Maguzawa ne, gidajensa ba su wuce ashirin ba, tafiyar mil biyar daga Tsiga. Kowa dangin kowa ne a wurin, amma wadda ta zo ta naɗe tabarmar Tani ta kama hannunta ita ce Adama, yayar Sanda. Tsohuwa ce mai sana'ar daddawa, mijinta ya daɗe da mutuwa, 'ya'ya huɗun da ta haifa kuma duk ƙasa ta rufe mata su tun suna goye.

Tani ta yi kusan wata biyu ba ta magana sai da kai. Adama ba ta matsa mata ba. Takan dai tura mata ƙwaryar kalwa ta ce, "Wanke min wannan," su zauna gefe da gefe suna aiki har rana ta karkata. A haka bakin yarinyar ya buɗe da kansa.

Da kaka ta yi, ana tsakar cirar auduga, sai ga saƙon dagaci. Makarantar Tsiga za ta ɗauki sabon aji, ana son yarinya mace ɗaya daga Tudun Ɗorawa. Bara an nemi namiji, aka yi ta kewaye-kewaye har magana ta shiririce. Bana dagaci ya ce in ba su kawo da kansu ba, ɗan doka zai zo ya zaɓa da idonsa.

A lokacin babu mai son boko a ƙauyen. Abin da suka sani shi ne, ɗan da ya tafi ba ya komowa ga fartanya, yakan bar abin da kakanninsa suke bauta wa, ya dawo yana toshe hanci a gidan ubansa. Kafin a kwana biyu 'yan mata sun ragu a gari. Wannan an kai ta wurin kakanni, waccan an ce ciwon ido take yi, ba ta fita.

Maza suka taru a gindin ɗorawa, Sarkin Noma yana tsakiya. Aka yi ta juya magana, kowa yana kallon ƙasa. Can sai Mamuda ya gyara murya. Mamuda aminin Sanda ne tun ƙuruciya, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Yana da 'ya, Lauratu, sa'ar Tani, wadda ya riga ya tura Mahuta wurin dangin uwarta.

Ya ce, "Ai akwai 'yar Sanda."



Ya ƙara da cewa, "Ita ba uwa, ba uba. In ta tafi, babu gidan da za a yi kuka."

Tani tana bayan darni a lokacin, ta taso daga rafi da tulu a kai. Ta ji muryar, ta kuma gane mai ita. Ta wuce gida ta sauke tulun, ba ta gaya wa kowa ba.

Mata ba sa zuwa gindin ɗorawa in maza na shawara. Amma da labari ya kai ga Adama, sai ta goge hannu a zani ta fito, ta tsaya a bakin inuwar.

Ta ce, "Na ji kun yi kyauta da abin da ba naku ba."

Sarkin Noma ya ce, "Adama, dole ce ta sa. Kin san hukuma."

"Na sani. Ba hana ku na zo yi ba, don ba ni da ƙarfin hanawa. Ni ma ƙafata ɗaya tana rami, in na tafi ban san abin da zan bar mata a hannu ba. Wataƙila takardar ta riƙe ta. Amma ku sani, a madadin 'ya'yanku za ta tafi. To, gonar ubanta tana wuyanku. Ku nome ta kowace damina, hatsin ya bi ta duk gidan da ta zauna. Ba za ta ci tuwon wani ana yi mata gori ba. Kuma kada wani ya sa wa gonar ido."

Suka amsa. Ta ce ba ta ji ba, sai sun rantse. Suka rantse da aradu ɗaya bayan ɗaya, Mamuda ne na ƙarshe.

Saura wurin zama, don yarinya ba za ta iya mil goma kullum ba. Adama tana da abokiyar ciniki a kasuwar Tsiga, Sekinat, Bayarabiya mai kayan koli: allura, zare, madubi, sabulu. A Funtua aka haife ta, ubanta ya zo da aikin jirgin ƙasa, Hausa kuwa a bakinta kamar ta kowa. Mijinta Tajudeen tela ne, suna da 'ya'ya uku, duk maza. Ran kasuwa Adama ta zauna gefen rumfarta ta kwashe labari ta gaya mata, tana ta neman ta inda za ta ɓullo wa roƙon.

Sekinat ta katse ta. "Iya, kawo ta kawai. Da ma gidan nan ya ishe ni da maza."

Haka Tani ta shiga aji ɗaya a farkon 1964, sanye da rigar da Tajudeen ya ɗinka mata. Watannin farko sun yi mata ɗaci. Yara suna kiranta 'yar arna, suna cewa warin daddawa take yi. Ta dawo wata rana ta shige bayan ɗaki ta ƙi cin abinci. Sekinat ta jawo ta, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta kwance mata kai ta wanke, ta yi mata kitso irin nasu mai tsayi.

Tana kitson tana cewa, "Ni ma sun ce min 'yar Yarbawa mai cin barkono. Yau su ne ke sallama a rumfata. Gyara wuyanki."

Sekinat ba ta taɓa ce mata tashi ki yi salla ba, ba ta kuma hana ta tsayawa a bayanta ba ranar da ta ga dama. Tani ta fara kiranta Mama kamar yadda yaran gidan suke yi. Karatu kuma ya zauna mata, har malamin aji yakan miƙa mata alli ta yi wa 'yan baya bayani.

Mutanen Tudun Ɗorawa sun cika alkawari da farko. Daminar farko an yi gayya sosai, maza kusan talatin, da makaɗi, Adama ta dafa musu giya da tuwo. Da kaka aka ɗora dawa a jakuna har ƙofar gidan Tajudeen. Damina ta biyu ma an fito, ko da yake ba kamar da ba. Duk hutu Tani takan koma wurin gwaggonta, ta rubuta mata sunanta a ƙasa da tsinke, tsohuwar ta duba ta ce, "Duk girmana ɗan wannan ne?"

A kakar 1965 tari ya kama Adama, bai sake ta ba. Sai da aka binne ta da kwana biyu sannan saƙo ya iso Tsiga. Sekinat ta rufe rumfa ta raka Tani har ƙauyen. Suka tarar an riga an raba tukwanen, ɗakin a buɗe, kaji na shiga suna fita. Tani ta tsaya a kan kabarin ta daɗe, idonta a bushe. Mata suka yi ta cewa sannu, sannu, amma babu wadda ta ce ga inda za ki riƙa sauka. Da yamma ta bi Sekinat suka koma.

Daga nan ƙafarta ta ɗauke daga ƙauyen. Hutu ya zo ya wuce, babu wanda ya zo ɗaukarta. Gayya ma ta lalace, da yake mai tsayawa a kansu ta kwanta. A damina ta uku mutum uku ne suka shiga gonar, daga baya ya rage Mamuda da 'ya'yansa maza. Shi ne ya kawo dawar da kaka. Ya sauke a ƙofar gida, ya gaisa da Tajudeen a tsaye, ko ruwa bai sha ba. Tani tana jin muryarsa ta shige ɗaka, ba ta fito ba sai da ya kaɗa jakinsa.

Sekinat ta ce, "Mutumin garinku ne fa. Ba kya gaishe shi?"

Ta ce, "Na san shi, Mama."

Ana nan ƙasa ta rikice. Bayan tashin hankalin 1966 rumfunan 'yan kudu da yawa suka zama kango. Ba a taɓa gidan Tajudeen ba, maƙwabta ma suna ta ce masa ya kwantar da hankalinsa. Amma da aka shiga 1967 ana ta raɗe-raɗin yaƙi, wasiƙu suka yi ta zuwa daga danginsa a Ogbomosho. Da ruwan farko ya sauka ya ce za su tafi.

Sekinat ta ce, "Da Tani za mu."

Tajudeen ya ce, "Ni ma haka nake so. Amma amana ce, tana da mutanenta. Sai an tambaye su."

"Waɗanne mutane? Shekara ɗaya da rabi wa ya leƙo ya ce ina yarinyar nan?"

"Duk da haka. Ba za a ce mun gudu da 'yar mutane ba."

Suka tafi su uku da hantsi. Aka tara maza a gindin ɗorawa, Tajudeen ya yi bayani a tsanake: za su riƙe ta kamar 'yar cikinsu, za ta ci gaba da makaranta a can, in ta girma ta ga dama ta dawo. Sarkin Noma ya gyaɗa kai. Wasu har fuskarsu ta saki, don in ta tafi rantsuwar gona ta sauka daga wuyansu. Wani ya ce ai alheri ne, wanda ya riƙe ka shi ne naka.

Mamuda ya ce, "Ban yarda ba."

Aka juyo ana kallonsa.

"Ba za ta tafi ƙasar da ba mu san hanyarta ba. 'Yarmu ce."

Tani tana tsaye bayan Sekinat. Shekararta goma sha biyu, ba ta taɓa buɗe baki a gaban manya ba. Sai ta ji maganar ta fito da kanta.

"'Yarku? Tun yaushe?"

Sekinat ta kama hannunta, amma Tani ba ta yi shiru ba. Ta dubi Mamuda ta ce, "Kai ka ce in na tafi babu gidan da za a yi kuka. Ina bayan darnin can da tulu a kaina. Na ji ka."

Wani dattijo ya ɗaga hannu zai tsawata mata, Mamuda ya ce a ƙyale ta. Ya cire hularsa ya riƙe, ya daɗe yana juya ta.

Ya ce, "Ni na faɗa. Ban san kin ji ba, amma ni ban manta ba ko kwana ɗaya. Lauratu na ceta da ke. Ubanki da ni tabarma ɗaya muka yi jinyar kaciya, da ni ne na mutu shi ba zai yi wa tawa haka ba. Na sani. Da gwaggonki ta rasu na so in zo in ɗauke ki. Sau biyu ina kama hanya ina juyawa daga bakin rafi. Kunya ta hana ni, na ce bari in tsaya ga gonar. Ban kyauta ba. Ba ni da bakin da zan hana ki tafiya, waɗannan mutane sun fi mu yi miki. Amma in an tambaye ni, ni dai ba zan sake bayar da ke da bakina ba. In kin zauna, ga gidana."

Tajudeen ya ce makarantar fa? Saura wata biyar a yi jarrabawar aji huɗu, wadda in ta ci za a kai ta makarantar kwana.

Mamuda ya ce, "Ni zan riƙa kai ta."

Sarkin Noma ya ce to, tunda abin ya zama haka, a bar wa yarinyar ta zaɓa. Ba a taɓa yin haka a Tudun Ɗorawa ba, amma babu wanda ya musa.

Tani ta yi kwana uku tana juya abin. Ta je ta sami malaminsu, ya ce in ta tafi sai ta faro da koyon Yarbanci, wataƙila a mayar da ita baya, ga shi ita ce ta ɗaya a ajin. Ta tuna kabari uku da ke ƙauyen, waɗanda in ta tafi babu mai nuna su. Ta kuma dubi Sekinat tana ɗaure kwanuka cikin zani, ta ji kamar ana tsaga ta biyu. Rana ta uku suna tsintar shinkafa ta ce, "Mama, zan zauna."

Sekinat ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinta, hawaye na sauka a faifan. Can ta ce, "Na sani tun a gindin bishiyar nan. Ni ma da za a tambaye ni, da na zauna. Garin da za a kai ni sau biyu na taɓa ganinsa."

Ranar tafiya babbar mota ta tsaya a bakin kasuwa, aka ɗora keken ɗinki da akwatuna, za ta kai su Funtua su hau jirgi. Sekinat ta riƙe kafaɗun Tani tana ta jero mata magana. Kada ta kwana da jiƙaƙƙen kai. Kada ta ba kowa aron littafinta. In ta ga jini kada ta tsorata, ta gaya wa matar gidan. Direba ya yi ta danna ham kafin ta sake ta. Ƙaramin yaron yana ta miƙo hannu daga saman kaya yana kiran sunanta, har motar ta sha kwana.

Mamuda yana tsaye nesa kaɗan da jakinsa. Ya ɗora akwatinta, suka kama hanya, yana gaba tana baya.

Matarsa, wadda ake kira Tsohuwa, ta share mata wuri a ɗakin Lauratu. Zaman bai yi daɗi nan da nan ba. Lauratu tana jin nauyinta, ita kuma ta saba da fitila da tebur, ga shi nan sai hasken rana. Tsohuwa ta hana a sa ta surfe ko daka in ta dawo, maƙwabta suka yi ta gunaguni wai ana lalata yarinya. Tsohuwa ta ce wanda ya taka mil goma ya riga ya yi nasa dakan.

Kowace safiya Mamuda yakan raka ta. Da damina ta yi nisa rafin ya cika, ruwa har ƙirjin babba. Sai ya naɗe wandonsa, ya ɗora ta a wuya, littattafan a kanta, ya ratsa yana dogara sanda. In ya sauke ta a ƙetare ya juya gona, da la'asar kuma ta tarar da shi zaune a bakin ruwa yana jira. Ba su cika magana ba. Wata rana cikin Agusta ruwan ya kwashe masa ƙafa a tsakiya, suka nutse tare, ya taso da ita da hannu ɗaya ya jawo ta gaɓa. Littattafan suka jiƙe sharkaf. Ya zauna yana haki yana buɗe su shafi-shafi a kan dutse, yana tambayarta ko rubutun zai gudu. Ta ce na fensir ba ya gudu. Ranar ba ta je makaranta ba, suka zauna har takardun suka sha iska.

Da mutane suka ga haka, sai wasu suka fara karɓarsa. In yana da aiki, wani ya ce bari ni in ƙetar da ita yau. Noman ƙarshe na gonar Sanda an fito fiye da mutum goma, ba wanda ya kira gayya.

Tani ta ci jarrabawa, aka ba ta makarantar kwana ta 'yan mata. Ta tafi a farkon 1968.

Bayan wata uku wasiƙa ta zo Tsiga da sunanta, aka aika da ita ƙauye. Babu mai iya karantawa a Tudun Ɗorawa, Mamuda kuma ya ƙi ba wani baƙo ya buɗe. Ya sa ta cikin hula, ya bi motar kasuwa, ya yi ta tambaya har ya sami makarantar. Aka kira Tani, ta same shi tsugune a bakin ƙofa, ya ƙi zama a bencin da aka nuna masa.

Daga Sekinat ce. Sun sauka lafiya, Tajudeen ya sami shago kusa da tasha. Yaran suna shan dariya a wurin dangi saboda Yarbancinsu ya karkace. Ta haihu, mace. Tana tambaya ko ana ba Tani abinci tana ƙoshi, ko akwai mai yi mata kitso.

Tani ta karanta a zuci, sannan ta sake karantawa a fili don Mamuda ya ji. Ya saurara kansa a sunkuye.

Ya ce, "Za ki mayar mata da amsa?"

"Yau ɗin nan."

"To ki sa mata gaisuwata. Ki ce mun gode. Ki ce mata mun san abin da ta yi. In da wuri a takardar, ki sa har da Tsohuwa."

Ta ce akwai wuri. Ya kwance ƙullin gyaɗa da Lauratu ta aiko ya miƙa mata, ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce zai yi sauri kada motar ta tashi ta bar shi.